Waiwaye: Daga Mashigin Illo Zuwa Ɗakin Lacca

Yau za mu ɗan huta da labaran soyayya mu taɓa tarihi, kuma tarihin wani abu ne da duk wanda ya taɓa zama a ɗakin lacca ya san ɗacinsa. Malami ya shigo da takardarsa ya yi awa biyu yana karantowa, ɗalibai ɗari biyar suna ta rubutu, na can baya ko jin abin da ake faɗa ba sa yi, a tashi ba wanda ya yi tambaya, ba kuma wanda aka tambaya. Ƙarshen zango kowa ya haddace, ya juye wa malam kayansa a takardar jarrabawa, bayan mako biyu in ka tuntuɓe shi sai ya ce maka ai an wuce wurin.

Masana harkar koyarwa a Amurka da Turai sun daɗe suna kuka da wannan salo. A 1991 wasu malamai biyu, Charles Bonwell da James Eison, suka fitar da wani rahoto da ya yayata sunan abin da suke ganin shi ne magani, wanda in za mu faɗe shi da Hausa sai mu ce koyarwar da ake damawa da ɗalibi. Ma'anarta ita ce ɗalibi ya yi wani abu da kansa a lokacin darasi, ya karanta, ya warware matsala, ya yi gardama da abokinsa, ya koyar da wani, maimakon ya zauna kamar tulu ana ɗura masa ruwa. Da yawa daga cikin malamanmu na jami'a in aka kawo wannan zance sai su ce ai wannan na Turawa ne, masu aji ɗan mutum ashirin da na'urar sanyaya ɗaki. Ni kuwa a ganina in muka waiwaya za mu tarar da abin a cikin gidanmu, da daɗinsa da kuma aibinsa. Bari mu faro daga wani wuri da ba a cika kawo shi cikin zancen ilmi ba, wato ƙasar Bagudo ta jihar Kebbi, can bakin iyakarmu da Jamhuriyar Benin.

A ƙaramar hukumar Bagudo akwai wani tsohon gari ana ce masa Illo, yana ƙetaren kogin Kwara. Asalinsa ƙasar Bargu ce, kuma ya yi suna ne saboda yana kan ɗaya daga cikin hanyoyin fataken goro da ke tashi daga ƙasar Hausa su haye Kwara, su ratsa Bargu, su faɗa Gwanja. Yankin cakuɗe yake da Busawa da Kyangawa da Dandawa da Zabarmawa da Hausawa, ga Fulanin Ka'oje. To, a ƙarshen ƙarni na 18, kafin jihadi, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fita yawon wa'azi ta ƙasar Kabi, ya yi ta tafiya yamma har ya haye Kwara ya isa Illo. Ƙaninsa Malam Abdullahi yana cikin tafiyar, kuma shi ya ajiye mana labarinta a littafinsa Tazyinul Waraƙati. Abin da ya kamata mu lura da shi a nan shi ne, wannan ayari makaranta ce ke tafiya. Inda aka sauka a nan ake buɗe littafi, ɗalibi yana ɗaukar karatu da safe, da yamma yana tsaye yana kallon yadda malaminsa ke fuskantar mutanen da ba su san shi ba, wasu ma ba yarensu ɗaya ba.

Malam Abdullahi, wanda aka haifa a 1766 ya kuma rasu a Gwandu a 1829, ya rubuta wani ɗan littafi a 1812 mai suna Ida'un Nusukhi, inda ya jero malaman da ya yi karatu a wajensu da littafin da ya ɗauka a hannun kowanne. Wanda duk ke son ya san yadda babbar makaranta take a ƙasar Hausa kafin zuwan Turawa, to ya nemi wannan littafi. A ciki muka ji cewa mahaifinsu ne ya karantar da shi Alƙur'ani, da ya kai shekara 13 sai aka miƙa shi hannun wansa Usmanu, wanda ya girme shi da shekara 12 kacal. Daga nan ya yi ta bin malamai, nahawu a wajen wannan, fiƙihu a wajen wancan, usulu a wajen Malam Jibrilu ɗan Umaru, Sahihul Buhari kuwa shi da Shehu suka saurare shi tare a wajen Alhaji Muhammadu ɗan Raji. Shi kansa Shehu ya zauna kusan shekara biyu tare da Malam Usmanu Binduri, yana karanta Muhtasar yana kuma kwaikwayon halayen malamin. Babu ofishin da ya zana musu jadawali. Ɗalibi ne ke jin inda gwanin wani fanni yake, ya naɗe buzunsa ya tafi.

Tsarin zaure da wannan karatu ke gudana a cikinsa bai mutu ba, yana nan a Gwandu da Jega da Sakkwato da Zariya da Kano, don haka ba sai mun yi hasashe ba. Mu duba shi da kyau. Malam yana zaune a kan buzu, ɗalibai sun kewaye shi kowa da littafinsa, wani Ahalari, wani Ishmawi, wani Risala, wani ya kai Askari ko Muhtasar, wani kuma Ajurumiyya yake fama da ita. In layi ya zo kanka, kai ne za ka buɗe baki ka karanta Larabcin gaɓa gaɓa, malam yana fassara maka. Littattafan nan galibi ba su da wasali, saboda haka da zarar ka karanta jumla ɗaya malam ya gane ko ka fahimci nahawunta ko kuwa lalube kake yi. In ka ɗora rufu'a inda ya kamata a sa fataha, nan take za a tsayar da kai a gyara, a gaban kowa. Wannan ya sa ba mai zuwa zaure bai yi muɗala'a ba, wato bai zauna da daddare ya duba inda za a biya masa gobe ba. Bayan an tashi kuma sai muraja'a, ɗalibai biyu ko uku su koma gefe su maimaita wa juna, wanda ya fi fahimta ya warware wa wanda ya kasa. Kuma mai karanta Ishmawi yana zaune yana sauraren karatun mai Risala, kafin ya kai can kunnensa ya riga ya saba.

Mai karatu, ka auna wannan da abin da masana na zamani ke kira juyayyen aji, wato ɗalibi ya karanto darasi daga gida, a yi amfani da lokacin aji wajen gwaji da gyara. Bambancin kaɗan ne. Ƙari a kan haka, a zaure manyan ɗalibai su ke biya wa ƙanana, kuma malam ba ya ba mutum ijaza sai ya san shi ido da ido, ya ji karatunsa shekara da shekaru. Ijaza takarda ce da ke cewa wane ya karanta littafi kaza a wajena, ni ma a wajen wane na karanta, har a kai ga mawallafi. Mai ba da ita sunansa ya jingina, in ɗalibin ya fita ya yi kwaɓa malaminsa za a zaga.

Majalisin Shehu na wa'azi ma ba na shiru ba ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya siffanta shi a Infaƙul Maisuri, ya nuna yadda mahaifin nasa yake haƙuri da taron jama'a, da yadda wani kan jefo tambaya ana tsakiyar magana, Shehu ya dakata ya amsa masa sannan ya ci gaba. Yana kuma yi wa mutane bayani da harshen da suke ji, Fulatanci ko Hausa. Sa'ad da wani malami, Mustafa Gwani, ya soki yadda mata ke halartar majalisin, Shehu bai yi fushi ya kore shi ba, sai ya sa Malam Abdullahi ya mayar masa da amsa a rubuce. Ka ga an ba ɗalibi aikin kare matsayin makarantarsu da hujja, kuma amsar tana nan har yau ana karantawa.

Amma a wajena wadda ta fi kowa dabara a wannan fage ita ce Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Matsalar da ta fuskanta ita ce irin wadda ke gaban malamin jami'a a yau, masu neman karatu sun yi yawa, malami ɗaya ne. Matan karkara, da yawansu sababbin shiga cikin daular, ba za su iya barin gidajensu su tare a Sakkwato ko Wurno ba. Sai ta kafa tsarin 'Yan Taru. Ta zaɓi dattijan mata masu hankali daga ƙauyuka, ta naɗa kowacce jaji, ta ba ta malfa da jan ƙyalle alamar muƙami. Jaji takan jagoranci tawagar tsofaffin mata da 'yan mata zuwa wajen Nana, su ɗauki karatu, wanda ta tsara shi cikin waƙoƙin Fulatanci da Hausa don ya yi sauƙin riƙewa, su koma gida jajin ta koyar da waɗanda ba su samu zuwa ba. Wato dai ta mayar da ɗalibanta malamai. Duk wanda ya taɓa koyar da wani abu ya san ba ka gane ka fahimci abu sai ranar da aka ce ka yi wa wani bayaninsa. Jean Boyd, Baturiyar da ta daɗe a Sakkwato ta kuma wallafa tarihin Nana a 1989, ta tarar da jajoji suna nan suna aikinsu fiye da shekara ɗari bayan rasuwar mai tsarin.

Kada dai daɗin labari ya kwashe mu. Zaure yana da nasa rauni, kuma masu cewa a koma can ɗungurungum ba su faɗin wannan ɓangaren. Ɗalibi yana motsi sosai wajen karanta matani, amma da wuya a ba shi damar ya ce mai littafi ya yi kuskure. Ladabi ga malami, wanda abu ne mai kyau, wani lokaci yakan zarce ya zama tsoron tambaya. Ana iya shekara ashirin ana fassara kalma da kalma ba a taɓa ce wa mutum ya rubuta shafi ɗaya na tunaninsa ba. Su Shehu da Abdullahi da Bello sun fita daban ne saboda sun ɗauki abin da suka karanta sun auna shi da halin da ƙasar Hausa ke ciki, suka rubuta littattafai masu yawan gaske a kan matsalolin zamaninsu. Ba kowane zaure ne ya gaji wannan ba. Sannan tsarin yana cin lokaci, kuma an gina shi ne don mutum goma ko talatin.

Ta hanyar fatauci irin ta Illo wannan salon karatu ya bazu yamma. Kowane babban ayari da malaminsa, mai rubuta wasiƙa da duba ranar tashi, kuma kowane zango da aka kafa a Kandi ko Nikki ko Jugu ko Salaga sai ka tarar da masallaci da makaranta. Misali mafi shahara shi ne Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, asalin gidansu Kabawa ne. Ya yi karatu a Kano da ƙasar Sakkwato, ya bi sawun fatake, ya zauna Salaga a 1892, daga baya ya koma Kete-Krachi inda ya rasu a 1934. Tun yana saurayi ya tsara littafin koyon rubuta wasiƙa, mai ɗauke da samfurori da ɗalibi zai kwaikwaya ya rubuta tasa. Ɗalibansa sun watsu a ƙasar da ake kira Ghana a yau da maƙwabtanta.

Sai Turawa suka zo. A 1894 Lugard ya yi tseren isa Nikki da Faransawa, kowa na neman sarkin Bargu ya sa masa hannu a takarda. A watan Yuni na 1898 Ingila da Faransa suka zauna a Faris suka raba Bargu biyu, Nikki da Kandi da Segbana suka faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila. Bayan an ci Sakkwato a 1903, Turawan mulki suka yanke ƙasar Illo daga Bargu suka haɗe ta da Gwandu. Tun daga nan yaron Lolo ko Tsamiya da ɗan'uwansa na Madekali ko Segbana, masu yare ɗaya da kasuwa ɗaya, in sun shiga boko sai ɗaya ya fuskanci Sakkwato da Turancin Ingilishi, ɗayan ya fuskanci Parakou da Faransanci. Karatun zaure bai san da wannan layi ba, har gobe almajirai na ƙetarawa.

Bokon da aka kawo mana a farko, daga makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa a Kano a 1909 zuwa Kwalejin Katsina a 1922, an tsara shi ne don samar da malaman makaranta da ma'aikatan En'e. Ita kuwa lacca, wadda muka ɗauka ita ce alamar wayewa, tsohuwar aba ce ƙwarai. Kalmar daga Latin take, ma'anarta karantawa. A jami'o'in Turai na farko irin su Bolonya da Faris, littafi yana da tsada domin da hannu ake kwafarsa, sai malami ya hau kujera ya karanto nasa, ɗalibai su rubuta. Hikimar ke nan. Gutenberg ya ƙago injin ɗab'i wajen 1450, littafi ya yi araha, amma lacca ta ƙi tafiya. Su kansu Turawan sun yi ta neman hanyar rage mata ƙarfi. Jami'ar Balin da aka kafa a 1810 ta ɗaukaka tsarin semina, inda ɗalibi ke gabatar da bincikensa a yi masa tambayoyi. A 1870 Christopher Langdell ya fara koyar da lauyoyi a Harvard ta hanyar ba su ainihin shari'o'in da aka yanke su yi muhawara a kai. A 1969 makarantar likitanci ta McMaster a Kanada ta fara ba ɗalibai matsalar majinyaci tun ranar farko, su je su nemo ilmin da zai warware ta.

Jami'o'inmu na farko ba lacca zalla suka gada ba, wannan ma ya kamata a faɗa. Ibadan a 1948 da Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 sun zo da tsarin Ingila na lacca haɗe da ƙaramin aji, inda malami ke zama da ɗalibai kaɗan a tattauna abin da suka rubuto. Kuma a Zariya an yi wasu gwaje-gwaje da suka cancanci a tuna da su. A sashen tarihi, Abdullahi Smith da waɗanda suka biyo bayansa irin su Yusufu Bala Usman sun riƙa tura ɗalibai garuruwansu su zauna da tsofaffi da masu tsofaffin takardu, su rubuto tarihin ƙasarsu da kansu. Shi ma Murray Last, wanda littafinsa kan Daular Sakkwato ya fito a 1967, ɗalibin Smith ne, amma rabin karatunsa a gaban Waziri Junaidu ya yi shi a Sakkwato, yana bin littattafan gidan Waziri ɗaya bayan ɗaya. Ka ga nan zaure da jami'a sun haɗu a kan ɗalibi guda, kuma abin da ya fito har yau ba a daina karanta shi ba.

Gwajin da ya fi ban sha'awa shi ne na sashen wasan kwaikwayo, wanda Michael Etherton ya fara a 1975, Brian Crow da Salihu Bappa da Oga Steve Abah suka yi aiki a cikinsa. Maimakon a tsaya ana nazarin wasannin Turawa a aji, sai aka riƙa kwasar ɗalibai zuwa ƙauye. Su zauna da manoma su ji abin da ke damunsu, taki ne, ko ƙwacen gona, ko rashin asibiti, su dawo su ƙulla wasa da Hausa, su koma su nuna a dandali, a tsaya a yi muhawara. Haka aka yi Wasan Manoma a Soba a 1977, lokacin shirin ciyar da ƙasa na gwamnatin Obasanjo, aka yi na Maska a 1979. Da tafiya ta yi tafiya su da kansu suka gane akwai gyara, domin ɗalibai ne ke zuwa da wasa su nuna wa talakawa su tafi, kamar dai wata laccar ce aka sake wa riga. Sai suka sauya, a Bomo da wasu ƙauyukan kusa da Samaru, manoman ne da kansu ke ƙirƙirar wasan suna fitowa a ciki, ana tsayawa a tsakiya a tambayi 'yan kallo me ya kamata wane ya yi. Can Ilori ma, makarantar likitancin da aka buɗe a ƙarshen shekarun 1970 ta sa zama a ƙauye da binciken lafiyar mutanensa cikin abin da dole ɗalibi ya yi.

To me ya faru? Lissafi ne ya ɓaci. Jami'ar Sakkwato, wadda aka kafa a 1975 aka kuma sauya mata suna zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1988, ta fara karatu a watan Oktoba na 1977 da ɗalibai 93 da malamai 33. Malami ɗaya ga ɗalibi uku ke nan, ko zauren Gwandu albarka. Daga nan ɗalibai suka yi ta ninkuwa, kuɗin mai ya faɗi, aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, darajar naira ta zube, laburare suka daina sayen sababbin littattafai, malamai da yawa suka tsallake ƙasashen waje. Ƙaramin aji shi ya fara mutuwa domin babu mai koyar da shi. A gurbinsa sai handawut ya bayyana, malami ya taƙaita littafin da babu shi a laburare ya buga ya sayar. Mun koma zamanin kafin Gutenberg ke nan, sai dai da injin hoto. Ga kuma yajin aiki, na 2022 kaɗai wata takwas ya ci, in an dawo sai a dunƙule karatun wata huɗu cikin mako shida. Wa ke da lokacin muhawara a haka?

Jihar Kebbi da aka ƙirƙiro a 1991 ta samu jami'ar jiha a Aliero a 2006, ta samu ta tarayya a Birnin Kebbi a 2013. Yaron Bagudo ba sai ya je Sakkwato ko Zariya ba yanzu. A ƙetaren iyaka ma an buɗe jami'ar Parakou a 2001. Gine-gine sun matso kusa, tambayar ita ce me ake yi a cikinsu. Kuma iyakar nan ta nuna mana ƙarshen inda hanyar neman takarda ba tare da karatu ba take kaiwa. A ƙarshen Disamba na 2023 ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya fallasa yadda ya samu digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin mako shida, bai taɓa shiga aji ba, har ya yi amfani da shi ya shiga bautar ƙasa. A farkon Janairu na 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirorin Benin da Togo. Mutane sun yi ta Allah wadai, kuma da gaskiyarsu. Sai dai ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne, wanda ya yi shekara huɗu yana haddar handawut yana mantawa, da me ya fi mai mako shida in aka ajiye su gaban aiki? A tsarin ijaza wannan ciniki ba zai yiwu ba, tunda sai malam ya ji muryarka.

Masu cewa yawan ɗalibai ya hana a dama da su, ga labarin Eric Mazur, malamin fiziks a Harvard. Wajen 1990 ya yi wa ɗalibansa wani gwaji mai sauƙin lissafi amma mai bukatar fahimta, ya tarar da yawansu sun iya sa lambobi cikin ƙa'ida su fitar da amsa, amma ba su gane abin da ƙa'idar ke nufi ba. Kuma ajinsa babba ne, ba na mutum ashirin ba. Daga 1991 sai ya sauya salo. Ya yi bayani na 'yan mintoci, ya jefa tambaya guda mai amsoshi huɗu, kowa ya zaɓa shi kaɗai, sannan ya ce kowa ya juya ga na kusa da shi wanda amsarsu ta saɓa ya yi ƙoƙarin shawo kansa, bayan minti biyu a sake zaɓe. Mafi yawan lokuta masu amsa daidai sukan ƙaru a zagaye na biyu, saboda wanda ya gane abu yanzun nan ya fi farfesa sanin inda ake tuntuɓe. Wannan ba ya bukatar lantarki, ɗaga yatsu ko 'yar takarda mai launi ya isa. Muraja'a ce aka shigo da ita cikin aji.

A 2014 Scott Freeman da abokan aikinsa suka tattara bincike 225 da aka yi a kan darussan kimiyya da lissafi da injiniya, suka tarar inda ake lacca zalla kusan kashi 34 cikin 100 na ɗalibai ke faɗuwa, inda ake damawa da su kuwa kusan kashi 22. Wani binciken da aka yi a Harvard a 2019 ya ƙara wani abu mai ban dariya. Ɗaliban da aka sa su aiki a aji sun fi cin gwaji, amma da aka tambaye su sai suka ce sun fi jin sun ƙaru a wajen malami mai daɗin baki da ya yi ta zuba suna saurare. Saboda haka duk malamin da ya gwada wannan a Aliero ko Kalgo ya shirya jin ƙorafi, za a ce malam ba ya koyarwa, mu yake sa wa mu yi masa aikinsa. Ɗalibin zaure ma ai ba daɗi yake ji ba ranar da aka tsayar da shi sau biyar a layi ɗaya.

Abin da ƙasar Bagudo ke da shi wanda Harvard ba ta da shi shi ne matsalolin da za a ɗora karatu a kansu, ga su nan a ƙofar gida. Ɗalibin tattalin arziki yana iya bin buhun shinkafa ɗaya daga fadamar Kwara zuwa kasuwa, ya lissafa wa ya ci riba, ya kuma tambayi 'yan kasuwar Lolo da Tsamiya yadda rufe iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 ya taɓa su. Ɗalibin aikin gona yana da shirin ba manoma bashi da aka ƙaddamar a Birnin Kebbi a Nuwamba 2015 da ambaliyar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa, ya je ya ji daga bakin waɗanda suka karɓi bashin yadda aka ƙare. Ɗalibin harsuna yana da Kyanganci, wanda 'yan ƙauyuka kaɗan ne suka rage suna yin sa, saura sun koma Hausa da Dandanci, kuma kowane tsoho da ya rasu da kalmominsa yake tafiya. Ɗalibin tarihi kuwa yana da fadar Illo da zuriyar fatake da takardun da ke cikin adakar malamai. Ɗalibin da ya fito daga yankin, wanda a ɗakin lacca yake can baya ba ya magana saboda Turancinsa bai nuna ba, a irin wannan aiki shi ne jaji, domin shi ya san yaren, shi ya san gidan da za a yi sallama.

A Disamba 2022 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fitar da sabon tsarin manhaja, inda ta tsara kashi 70 cikin 100 na abin da za a koyar, ta bar wa kowace jami'a kashi 30 ta cike da abin da ya dace da yankinta. Wannan kashi 30 ɗin ya isa a saka zangon karatu guda a Illo ko Ka'oje, in majalisar jami'a ta so, kuma daga Birnin Kebbi zuwa can tafiyar 'yan awoyi ce a mota, wurin da Shehu da ɗalibansa suka je a ƙasa da bisa dabbobi, suka kuma haye Kwara a jirgin kwale-kwale.